Sunan da Aka Daina Kira

Me ke sa mutum ya ɓata ruwan da shi ma daga cikinsa zai sha? Na yi shekaru ina juya wannan tambaya. Na ma ji amsar da wanda ya aikata ya bayar, amma har yau ba ta zauna mini ba.

A shekarar da ruwan sama ya tsallake tsibirin Sukutra sau biyu a jere, mutanen ƙauyen Dirahmin ba su da abin sha sai tafkin da ke cikin kogonsu. Lokacin iska ne, teku ta rufe, babu jirgin da zai kawo ko buhun shinkafa sai bayan wata uku. Kududdufai sun bushe, rijiyoyin kwari sun koma gishiri. Tafkin kuwa ƙarami ne, bai fi faɗin garken awaki biyu ba. Yana can ƙarƙashin dutse, sai an yi tafiya a duhu da fitilar man kifi, sannan a sauka matakala tara masu santsi. Tun kakanni dokarsa ba ta canja ba. Kowane gida salka biyu a rana. Dabba ba ta shiga kogo. Wanda ya ɓata ruwan ya bar dutsen, kuma ba ya dawowa.

Ranar Talata da safe mata suka sauka ɗiban ruwa, wari ya tare su tun daga matakala ta uku. Da suka ɗaga fitila sai ga mushen akuya a kumbure yana yawo a gefen ruwan, gashinsa ya fara zuba. An yanke kunnuwan biyu daga tushe. A kunne kowane gida ke yi wa awakinsa shaida, don haka wanda ya yanke ya san abin da yake ɓoyewa.

Tanuf mai bin sawu ba ya nan ranar. Ya tafi yamma neman raƙumin wani, sai washegari ya dawo. Dogo ne marar yawan magana, wanda ya san tafin ƙafar kowa a dutsen kamar yadda ake sanin fuska. Ya tarar da Shehu Nuh, shugaban dangi, a bakin kogo, ƙarƙashin wani itace mai jan ƙaro da suke kira itacen jini, maza sun kewaye shi. Suka gaisa hanci da hanci, kamar yadda al'adarsu take.

"Ka yi latti," in ji Shehu. "Mun riga mun san wanda ya yi. Kai dai ka duba ƙasa ka tabbatar mana."

"In kun sani, me za ku yi da ni?"

"Don kada a ce mun zalunci baƙo."

Baƙon shi ne Ganim, masunci daga bakin teku, wanda ya auri Mahfuda 'yar tsoho Salmahun mai tsaron kogo. Shekara tara yana cikinsu, yana da 'ya'ya biyu, amma har yanzu in an ce baƙo kowa ya san wa ake nufi. Makon da ya wuce an ji shi a nan bakin kogo yana cewa ruwan ba zai kai su wata biyu ba, gara kowa ya tattara ya sauka bakin teku.

"Wa ya fito da mushen?" Tanuf ya tambaya.

"Shi mana. Wa ya iya iyo a cikinmu in ba shi ba?"

"Ya jefa, kuma ya shiga ya ciro?"

"Don ya wanke kansa," in ji wani daga baya. "Kai ba ka san mutanen teku ba."

Shehu ya ce ranar Juma'a bayan salla za a yanke hukunci, ko da ƙasa ta yi magana ko ba ta yi ba. Mutane sun koma ɗauko ruwan gishiri daga kwari, tafiyar rabin yini, yara sun fara gudawa, kuma zuciya tana son wanda za ta ɗora wa.

A gefe, kan dutsen da yake zama shekara talatin, tsoho Salmahun yana riƙe da sandarsa. Baffan Tanuf ne. Shi ya ɗauke shi yana ɗan shekara biyar, ranar da ubansa ya faɗo daga dutse wajen ɗiban zuma, shi ya koya masa bambanta sawun jiya da na shekaranjiya. Tanuf ya durƙusa ya gaishe shi.

"Ka ci wani abu kuwa?" Abin da tsohon ya ce ke nan.

*

Ungulaye sun riga shi zuwa wurin mushen. Abin da suka bari sai kai da ƙofato da fata ja-ja, irin launin rabin awakin dutsen. Ya juya kan da sanda ya dubi gurbin kunnuwan. Yanka ne mai tsabta, kuma naman bai sha jini ba. Bayan ta mutu aka yi shi.

A cikin kogo mata sun tattake hanya, babu abin karantawa a tsakiya. Sai ya bi jikin bango, inda akwai wata siririyar farar laka da mutum ba ya takawa. Ya sunkuyar da fitila, ya daɗe a tsugune.

Sawun akuya ne, kuma ba na rana ɗaya ba. Wani ya bushe har ya tsage, wani yana da sauran danshi. Shiga biyar, fita huɗu. Akuyar da aka ja da igiya takan kafe ƙafafun gaba ta bar ja a ƙasa. Wannan ba ta kafe ba. Ta taka a natse, kamar mai zuwa wurin da ta saba. Akuyar dutsen nan kuwa ba ta bin kowa cikin duhu sai muryar da ta raine ta.

Tanuf ya miƙe. Ganim ba shi da irin wannan murya. In ya yi kira awakin matarsa ma gudu suke yi, har yara sun mai da abin wasa. To amma a Dirahmin gida goma sha ɗaya ne, kuma kowane gida akwai muryar da akuya za ta bi.

Da ya fito sai wata tsohuwa ta ja shi gefe. Ta ce in ana neman mai mugun nufi a tambayi Hamudish na dangin ƙetaren kwari, wanda ya zo roƙon ruwa ranar Asabar aka hana shi, ya tafi yana yi musu baki.

*

Sawun Hamudish ba ya ɓoyuwa, ƙaramin yatsan ƙafarsa ta hagu ya guntule. Tanuf ya bi shi har garkensa. Ya same shi zaune a tsakiyar fatun da ya shanya, ƙudaje sun rufe su.

"Ka zo kama ni ne, ɗan gidan masu ruwa?"

"Tambaya na zo yi."

"Tambayi ƙasa mana. Ba ita ce abokiyar hirarka ba?"

"Na tambaye ta. Ta ce ka daɗe a tsaye a bakin kogo, sannan ka juya. Ba ka shiga ba."

"To me ya kawo ka cikin wannan rana?"

"An ce ka yi baki."

"Na yi, kuma ban janye ba." Hamudish ya kori ƙuda daga idonsa. "Salka ɗaya na roƙi baffanka. Ɗaya tak, don yarana, ba don dabba ba. Na yi ta sallama da tsakar rana har muryata ta dushe, can sai ga shi ya fito daga ciki yana haki. Ko kallona bai yi sosai ba, ya ce doka ce. Na ce Allah Ya ɗanɗana muku abin da muke sha. Ga shi kun ɗanɗana. In addu'a laifi ce, ga hannuna."

"Akuyarka ba ta ɓace ba?"

Hamudish ya yi dariya marar daɗi, ya nuna garken da baki. "Tashi ka zaɓa. Nuna mini wadda za ta iya takawa har ƙetaren kwari don ta je ta mutu a ruwanku. Nawa a gida suke mutuwa, suna da kunya."

Tanuf ya ce masa ya zo ranar Juma'a, Shehu zai so ganinsa. A hanyar dawowa ya gaya wa kansa cewa kowane tsoho zai yi haki in ya hau matakala tara.

*

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya isa ƙofar Ganim. Ya same shi yana ɗinkin tsohuwar komar da ba ta taɓa ruwa ba tun aurensa. Mahfuda tana gefe tana kaɗa nono a salka, ƙaramin ɗansu a cinyarta.

"Ga mai karatun ƙasa," in ji Ganim. "Me ta ce? Ta ce mai warin kifi ne?"

"Ka faɗi maganar nan ta sauka bakin teku?"

"Na faɗa, kuma gobe ma zan faɗa. Ruwan yana ja baya, makaho ma zai ji a igiyar guga. Amma ni da na san yadda ƙishirwa take a cikin kwalekwale, ni zan ɓata ruwan sha? Ka san warin da na haɗiya jiya? Sau uku na nutse kafin in ɗaura mata igiya. Da na fito ko sannu babu. Sai kallo."

"Da ka same ta, kusa da matakala take?"

"Kusa sosai. Mai dogon hannu zai taɓa ta. Ciro ta ne dai aiki, ta yi nauyi kamar jaki." Ya ajiye komar, ya juya wajen matarsa. "Tunda ga ɗan'uwanki nan, ki faɗa a gabansa. In sun kore ni, za ki biyo ni?"

Mahfuda ba ta daina kaɗa nonon ba. "Kada ka fara."

"Na fara. Za ki biyo ni?"

"Baba ya tsufa, Ganim. Tun rasuwar Inna ba shi da kowa sai ni. Wa zai dama masa abinci? Wa zai duba in ya tashi da safe? Ba zan sauka ba. Ka yi haƙuri, amma ba zan bar shi ba."

"Yaran fa?"

"Shehu ya ce su zauna wurina har iska ta kwanta."

"Har iska ta kwanta," in ji Ganim. Ya dubi Tanuf. "Ka ji ko? Wannan iskar ba za ta taɓa kwanciya ba."

Tanuf ya fita.

*

Rana tana faɗuwa ya zauna a kan tudu, inda yakan zauna in kansa ya cika. Lokacin kiran awaki ne. Daga kowane gida murya ta tashi, kowa da irin jan muryarsa, ana kiran dabbobi da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, su kuma suna gangarowa daga duwatsu.

A shekarar fari kowane gida yana da ɓatacciya. Kuma a Dirahmin ba a cire sunan ɓatacciya daga kira sai an ga gawarta da ido. Ga tsohuwar da ta ja shi gefe da safe, tana kiran wata da ta ɓace tun wata biyu. Ga Shehu Nuh yana nanata sunan bunsurunsa sau uku, ko Allah zai sa ya ji.

Sai muryar Salmahun ta taso. Tanuf ya san wannan kira kafin ya san Fatiha. Awakin sun sha canjawa, amma na shekarun nan ko a barci zai jero su: Afiro, Hawro, Libno, Samhar, Tamra.

"Afiro! Hawro! Libno!"

Tsohon ya ja numfashi.

"Tamra!"

Tanuf ya jira. Aka sake kiran daga farko, aka sake tsallake wurin. Samhar tsohuwar akuya ce ja, juya, ba ta haihuwa ba ta ba da nono, wadda da ta wani ce da tuni an yanka. Ita ke bin Salmahun duk inda ya sa ƙafa. Tun dawowar Tanuf bai gan ta a bakin kogo ba, kuma ba wanda ya ji tsohon ya ce ta ɓace.

Ya zauna a wurin har aka kira magariba, bai tashi ba sai da aka idar.

*

Da hantsin Alhamis ya sami baffansa shi kaɗai a kan dutsensa. Babu mai zuwa ɗiban ruwa, amma bai daina tsaro ba.

"Baffa, ina Samhar?"

"Tana kan dutse."

"Ba ka kira ta ba jiya."

Tsohon ya murza kan sandarsa da babban yatsa. Can ya ce, "Na koya maka duban ƙasa. Ban san na koya maka saurare ba."

"Shiga biyar, fita huɗu."

"Shida ne. Na farkon ka rasa shi." Ya yi wani ɗan murmushi da bai daɗe ba. "Tana tsayawa a nan, a gabana, harshenta a waje. Ba ta kuka, sai kallo. Kai ba ka zauna kai kaɗai da dabba ba, Tanuf. Tun da babarku ta tafi, da ita nake magana. Na ce kurɓa biyu da tsakar rana, wa zai sani? Ranar Asabar ta zame a matakala ta ƙarshe. Na kama ƙahonta ya kuɓuce. Na shiga har ƙirji. Daga nan ƙasa ta ƙare."

"Me ya sa ba ka kira Ganim ba? Da a ranar ya ciro ta, da ruwan bai ɓaci ba."

"In kira mai cin kifi ya zo ya ga abin da na yi? Ni da na mari ɗan Shehu a nan saboda ya ƙara rabin salka? Na ce za ta nutse ta zauna a ƙasa. Kwana uku sai ta taso. Na jawo ta da sanda, na kasa ɗaga ta. Abin da hannuna ya iya shi na yi."

"Hamudish fa?"

"Da na ba shi, da sai ya sauka ya ɗiba da kansa."

Tanuf ya dubi bakin kogon. Iska tana shiga tana fita da ragowar wari.

"Baffa, gobe za su kori mijin 'yarka."

"Yana da teku. Yana da 'yan'uwa a can, yana da hannun aiki. Shi da kansa yake son sauka. Ni ina za ni? Ka taɓa ganin an dasa tsohon itace a rairayi?"

"Ka faɗa da bakinka. Zai fi sauƙi."

"Ba zan faɗa ba." Ya ɗago ya dube shi a karon farko. "Kai ma ba za ka faɗa ba. A bayana na goyo ka daga gindin dutsen da ubanka ya faɗo."

Da yamma Shehu Nuh ya aika a kira Tanuf.

"To, me ka gani?"

"Ba Ganim ba ne."

"Waye?"

"Ƙasa ba ta faɗi suna ba."

"Ka san shi?"

"Na ce ba Ganim ba ne, Shehu."

"Ba zan tsaya gaban iyayen yaran da ke gudawa in ce musu ba kowa ba ne. Ka kawo mini suna, ko kuma sunan da muke da shi ya tsaya."

Tanuf ya ce ba shi da wani suna, ya yi sallama.

*

Bayan sallar Juma'a aka taru a ƙarƙashin itacen jini, maza a gaba, mata a baya wajen duwatsu. Aka zaunar da Ganim a tsakiya. Hamudish ya zo ya tsaya nesa kaɗan, hannu a ƙugu. Salmahun yana kan dutsensa.

Shehu ya fara da Hamudish. Tanuf ya ce sawunsa bai wuce bakin kogo ba, aka sallame shi. Bai tafi ba, ya ce tunda an taso shi zai ga ƙarshe.

"Saura kai, Ganim," in ji Shehu. "Kana da abin cewa?"

"In na rantse za ku yarda?"

"Mutanen teku da rantsuwa," wani ya ce, aka yi 'yar dariya.

Tanuf ya dubi baffansa. Tsohon yana kallon kan sandarsa. Shehu ya gyara murya, ya ambaci dokar kakanni, ya ce Ganim ya bar dutsen kafin rana ta faɗi gobe. Tanuf ya ƙara kallon tsohon, ya ba shi numfashi ɗaya, ya ba shi na biyu.

"Shehu, dakata."

Ya tashi tsaye. Ya faɗi abin da ya gani a farar laka, yadda akuyar ta shiga da ƙafarta ba sau ɗaya ba, babu igiya, babu ja.

"Ku duka makiyaya ne," ya ce. "Wace akuya ce za ta bi Ganim cikin duhu?"

"Ko da rana ma ba sa bin sa," in ji wata mata, amma wannan karon ba wanda ya yi dariya.

"To muryar gida ta bi. Kowa a nan yana da ɓatacciya, kowa yana kiranta. Mutum ɗaya ne ya daina, saboda ya san inda tasa take." Ya juya wajen mata. "Mahfuda, 'yar baffa. Jero mana kiran gidanku."

"Na Baba? Don me?"

"Jero dai."

Ta miƙe da yaro a kafaɗa, cikin jin kunyar idon maza. "Afiro, Hawro, Libno, Samhar, Tam..."

Ta tsaya.

"Jiya haka ya kira?"

Idonta ya tafi wajen ubanta.

"Shekaranjiya fa?"

"Tun Asabar," ta ce a hankali, kamar da kanta take magana. "Na ji wani abu ya ragu. Na ɗauka numfashi ne ya gaza masa." Sai ta ɗaga murya. "Baba, ina Samhar?"

Salmahun bai ɗago ba. Ya sa hannu a ƙullin zanensa, ya daɗe yana kwancewa, ya fito da busassun kunnuwa biyu masu tsaga biyu a gefe, shaidar gidansu. Ya ajiye su a kan dutsen kusa da shi. Ashe bai iya jefar da su ba.

Hamudish ne ya fara magana.

"Juya," ya ce. "Tsohuwar akuya juya ta sha sau nawa, yarana ko kurɓa. Doka ce, ko ba haka ka ce ba, mai tsaro?" Ya tofar da yawu, ya kama hanyar kwari.

Shehu Nuh ya shafa gemunsa. Ya dubi dattawa, dattawa suka dubi ƙasa.

"To," ya ce. "Wannan ai tsautsayi ne. Ba da gangan ya yi ba. Zamewa ta yi."

"Tsoho ne," in ji na kusa da shi. "Ina za a kai shi?"

"Shekara talatin yana tsaron ruwan nan. Doka don mai mugun nufi aka yi ta."

Kawuna suka fara gyaɗawa. Wanda ya ce ba a san mutanen teku ba, shi ya fi kowa gyaɗa kai. Kafin wani lokaci an gama: Salmahun zai sauka daga tsaro, ya yanka akuya ɗaya sadaka, magana ta mutu. Har wata ta fara kuka don tausayin tsohon.

Shehu ya juya wajen Ganim, wanda har yanzu yake zaune a tsakiya inda aka ajiye shi.

"Ka ga Allah Ya wanke ka. Tashi. Dama muna so gobe ka shiga ka duba mana ƙasan ruwan, ko akwai sauran ƙazanta, kafin a fara kwashe na sama."

Ganim ya dube shi ya daɗe. Sai ya yi dariya, ya tashi ya karkaɗe zanensa.

"Shi ke nan? Tashi ka shiga ruwa?" Ya bi fuskokinsu ɗaya ɗaya, ba wanda ya haɗa ido da shi. Ya ƙare a kan surukinsa. "Baba, shekara tara ina ɗauko maka itace. Da ka kira ni ranar Asabar, wallahi ko matata ba za ta ji ba."

Da taro ya watse Tanuf ya matsa zai kama wa tsohon hannu ya sauko daga dutsen, sai tsohon ya janye hannun, ya sauko da kansa, ya wuce shi kamar an kafa itace a wurin.

*

Da sassafe Tanuf ya ga sawun takalmin Ganim ya nufi hanyar gangare. Ya bi ya same shi a bakin tudu, koma a kafaɗa, ƙullin dabino a hannu.

"Ba wanda ya kore ka yanzu."

"Shi ya sa zan tafi yanzu." Ganim ya gyara komar. "Tun yaushe ka sani?"

"Tun Laraba da yamma."

"Laraba." Ya jinjina kai. "Kwana biyu matata tana kallona tana tunanin ko ni ne. To, na gode da Juma'a."

Bai miƙo hanci ba, Tanuf ma bai matsa ba. Ganim ya fara sauka.

Da Tanuf ya juyo sai ya hango ƙofar baffansa. Mahfuda ta fito da ƙwaryar nono, ta ajiye a gaban tsohon, ta gyara mata zama don kada ta zube. Ya yi mata magana, Tanuf bai ji me ya ce ba. Ba ta amsa ba. Ta koma gidanta, ta fito da ƙaramin a goye, babban a hannu, ƙullin kaya a ka.

Ta zo daidai Tanuf ta tsaya, ba ta dube shi ba.

"Da safe ba ya son nono mai tsami," ta ce. "Kai ka buɗe bakin nan. Sai ka riƙa kai masa, ko zai karɓa ko ba zai karɓa ba."

Ta wuce bakin tudu, ta leƙa ƙasa inda mijinta ya kai lanƙwasar hanya ta biyu.

"Ganim!" ta kira. "Tsaya mana ka karɓi yaron nan. Hanyar da santsi."